Kawu, Guntu da Shahunan Ƙarshen Hunturu

Na Allah ne, ya ba mu aronsa, ya kuma karɓi abinsa. Ranar wata Talata bayan Azahar maza suka kai Kawu makwancinsa a wata maƙabarta da ke bayan garin Kuala Lumpur. Suka dawo da jar laka a takalmansu, domin a ƙasar nan ko kabari ba ya rabuwa da ruwan sama.

Gidanmu na Sentul ƙarami ne, a can saman bene, amma a kwanakin zaman makoki ya ɗauki mutanen da ban taɓa zaton zai ɗauka ba. Takalma suka cika baranda har ƙofar maƙwabta. Matan malaman jami'a sun zo da yaransu, 'yan kasuwarmu na Chow Kit sun rufe shaguna sun zo, 'yan'uwanmu Kiristoci na Kaduna da Jos suka yi ta shigo da kulolin shinkafa har na rasa inda zan ajiye. Maƙwabciyarmu 'yar Malay ta kwaso kujerun falonta ta kawo mana ba tare da an roƙe ta ba.

A rana ta biyu aka yi wasu baƙi da suka sa falo ya yi tsit. Ta farko wata tsohuwa ce 'yar Sin, gajeriya, da takalmin hawan dutse, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Ta cire takalmin a ƙofa, ta durƙusa a bakin ɗakin da Gwaggo matar Kawu ke takaba, ta yi ta kuka. Na biyun bai ma hau benen ba. Wani Ba'indiye ne mai garejin mota a bayan layinmu. Ya tsaya a ƙasa cikin rana, riƙe da igiyar wani jan kare mai guntun bindi. Mata suka yi cincirindo a taga.

"Wai shi ne karen?" in ji wata Hajiya.

"Shi ne fa," wata ta ba ta amsa. "Dattijo da furfurarsa da carbinsa, a ce ya ƙare a yawon daji da kare."

"Ni ba ma wannan ba," in ji ta uku. Ta rage murya, amma ragewar ba ta isa ba. "A ɗauki mutum ido babu a hau da shi kan dutse? Ai wannan ganganci ne."

Ina tsaye a bayansu da farantin shayi, kuma ni na tuƙa motar da ta kai shi dutsen. Na haɗiye maganata, domin gidan rasuwa ba wurin ce-ce-ku-ce ba ne, amma duk wanda ya san ni ya san magana ba ta zama a cikina. Gwaggo kuwa ta ji komai daga ɗaki. Abin da ta ce kawai shi ne, "A sauka a gaishe da mai karen, a kai musu ruwa shi da karen."

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba na so a riƙa tuna Kawu da sunan tsohon nan mai kare. Abu ɗaya ya roƙi Allah a shekarunsa na ƙarshe, mu ma ya roƙe mu shi: ya ga wucewar shahuna a ƙarshen hunturu kafin idonsa ya rufe. Karen da dutsen da lakar da ake magana a kai, duk hanyar zuwa can ce.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya haifi mijina. Auren gida aka yi mana. Ban da wannan, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da suna ba, sai "Uwata". Wannan ya ba ni damar da sauran surukai ba su da ita. Ina cin abinci a gabansa, ina yi masa faɗa in ya ƙi ɗiga maganin ido, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Uwata, na tuba," gobe ya sake.

Mutumin fadamar Haɗeja ne, gidansu gidan maharba ne kaka da kakanni. Ya ajiye bindiga tun kafin a haife ni. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce wata shekara ya fita fadama da sanyin safiya, ya yi ta kasa kunne bai ji kukan gauraka ko ɗaya ba. "Na tsaya na ce, wa ya yi wannan aika-aika? Sai na ji nauyin bindiga a kafaɗata."

Ciwon ido ya kawo shi Malesiya. Hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye na hagu tun a gida. Mijina, wanda ke koyarwa a wata jami'a a nan, ya ɗauko shi tare da Gwaggo ko za a ceci na dama. Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce magani zai rage wa ciwon gudu, amma ba zai tsayar da shi ba.

Watanninsa na farko a nan sun ba ni tausayi. Mutumin da ya saba ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, ga shi a baranda yana ƙirga jiragen ƙasa. Mun kai shi titin masu yadi, Jalan Tuanku Abdul Rahman, ya zaɓi yadi, ya bi mu kamar an tilasta shi. Jikokinsa yana yi musu Hausa suna mayar masa da Turanci. Sai wata safiya, lokacin da ruwan ƙarshen shekara ya kankama, na ji yana ƙwala mini kira daga baranda.

"Uwata, bar wankin nan, zo ki ga 'yan garinmu."

Na fito da kumfa a hannu ina neman mutane a titi. Ya turo leɓe ya nuna mini wayar lantarki. Wasu 'yan tsuntsaye ne jere a kai, baƙin baya, farin ciki, jan maƙogwaro. Ya ce tsattsewa ce, irin wadda ke sauka fadamarsu in sanyi ya shigo, ta ɓace kafin ruwa ya sauka. Yana yaro yakan tambayi mahaifinsa inda suke tafiya, tsohon ya ce wannan sai Allah. Babbar 'yata ta duba waya ta ce daga ƙasashen arewa suke, inda ƙanƙara ke rufe komai, suna gudo mata su zo nan su jira ta narke. Kawu ya daɗe yana kallonsu da idonsa ɗaya, kai a karkace.

"Ashe nan ma ana hunturu," ya ce. "Sanyin ne ba ya isowa, sai ya aiko tsuntsaye."

Daga ranar baranda ta daina isar sa. Ya fara zagaya unguwa da sanda, kuma a haka ya haɗu da karen gareji. Shi da mai garejin ba su da yare ɗaya. Wancan ya ce "Haji, makan?" yana nuna baki, Kawu ya ce "Boleh," wato "to," su zauna su sha shayi. Karen kuwa cikin ɗan lokaci ya fi 'ya'yana jin Hausa. Kawu ya sa masa suna Guntu, ya kuma koya masa aikin da ya saɓa wa na duk karnukan gidansu. Na gida in sun ji ƙanshin nama sai su bi. Guntu an koya masa in ya ji motsi ya kwanta, ya miƙa hanci wajen abin, ya yi shiru. Kawu ya ce idonsa ɗaya ne, shi ma yana raguwa, dole ya ari hanci.

Ranakun Asabar mai gareji yakan ba mu aron karen. Mijina kullum yana da aiki, sai tuƙi ya faɗo kaina. Ni kuwa haifaffiyar cikin birnin Kano ce, ko ƙadangare na gani a tsakar gida sai na canja hanya. Ga ni da hijabi da takalmin roba, kare a but ɗin mota a kan buhu, muna neman tsaunukan da ke kewaye da gari. Ranar da matsattsaku ya fara kama ni a ƙafa na yi rantsuwa ba zan sake zuwa ba. Kawu ya ɗan barbaɗa masa gishiri ya faɗi, ya ce, "Uwata, ɗan abin da ya sha ai ko sauro ya fi shi." Asabar ta gaba sai da na yi kaffara.

Dole in ba da labarin burtu, ko da yake ya ce kada in gaya wa kowa a gida. A ƙasan akwatinsa ya zo da wani abu naɗe a tsohon zanen Gwaggo. Kan burtu ne na mahaifinsa, wanda aka sassaƙa da icce aka lulluɓe da fata, da dogon baki da jan wuya. Maharbanmu sukan ɗaura shi a goshi, su yafa baƙin mayafi, su yi rarrafe suna ƙwaƙular ƙasa kamar tsuntsun, sai namun daji su ɗauka maƙwabcinsu ne burtu ke kiwo, har a zo kusa da su. Wata Asabar a dajin Bukit Kiara muka tarar da masu ɗaukar hoton tsuntsaye sun kafa kyamarori suna jiran wani ɗan shuɗin tsuntsu ya fito daga ƙarƙashin ganye. Kawu ya ce mini a hankali, "Waɗannan za su kwana a nan. Bari in nuna musu yadda ake yi."

Ya ɗaura, ya yafa, ya durƙusa. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Tsohon da nake yi wa faɗa a kan magani ya ɓace, wani ƙaton tsuntsu ne ke takawa, ya ɗaga kai ya saurara, ya sunkuya ya tsinci abu. Ban taɓa ganin gwaninta irin wannan ba. Sai dai kafin ya yi nisa daji ya hargitse. Duk tsuntsun da ke wurin ya tashi da ihu, birai suka cika rassa suna zage-zage, wani ƙaton namiji ya diro ya fizge mayafin ya haye bishiya da shi. Masu hoto suka juyo da kyamarorinsu kan Kawu. Ni na rasa inda zan sa fuskata, shi kuwa ya zauna daɓas a ƙasa da kan burtu a goshi yana dariya har da hawaye.

A nan tsohuwar nan 'yar Sin ta matso. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, mukan ce mata Anti. Ta buɗe littafin tsuntsayen ƙasar tana nuna masa shafi bayan shafi, ina fassara.

Ta ce, "Ba irin wannan tsuntsun a nan. Ba su taɓa ganinsa ba."

Kawu ya kwance burtun ya juya shi a hannu. "A gida maƙwabci ne, a nan dodo," ya ce. "Na tsufa ina cewa na san daji, ashe dajinmu na sani. Uwata, tambaye ta ko tana ɗaukar ɗalibai masu furfura."

Ta ɗauke shi, kuma ban taɓa ganin ɗalibi mai ladabinsa ba. A bakinta ya fara jin labarin shahunan. Ta ce akwai wasu da ke yin hunturu a tsibiran Indonesiya, in lokacin komawa arewa ya yi sai su ƙetaro teku ta inda ya fi ƙunci, su bi ta kan wani dutse da ke bakin ruwa, tafiyar 'yan awoyi daga gari. Ta ce in ka dace da rana, sama cika take yi. Kawu ya sa na maimaita tambayar, don yana zaton ni na ɓata fassarar. A saninsa shaho shi kaɗai yake yawo, in ya yi yawa shi da matarsa. Da ya tabbata haka ta ce, sai muka kama hanyar gida. A mota ya ce, "Ina so in ga wannan da idona, tun yana nan."

Akwai wata ɗabi'arsa da masu maganar kare ba su sani ba. Mu a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma maƙwabtanmu 'yan Malay Shafi'iyya ne, a wurinsu abin da nauyi. Kawu ya ware kayan daji daban, a gareji yake barin su. Yana da 'yar jakar ƙasa mai tsarki a can. Duk ranar da ya dawo, sai ya wanke hannu da ƙafa sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kamar yadda suke yi, ya sake kaya, sannan ya nufi surau, ƙaramin masallacin unguwa. Mijina ya taɓa ce masa wannan wahala ba ta wajaba a kansa ba.

"Sahu ɗaya muke tsayawa da su," in ji Kawu. "Ba zan sa bawan Allah ya yi salla yana tunanin rigata ba."

Tafiyar da ta fi zama mini a rai kafin ta ƙarshe ita ce ta dutsen Bukit Fraser a watan Disamba. Can sama ne sosai, akwai sanyi na gaske, hazo yana shiga har cikin mota. Kawu ya fito da tsohuwar suwaitarsa ta gida yana murna kamar yaro ranar Salla. Da gari ya waye wasu baƙaƙen birai marasa bindi suka fara kuka daga kwari, wannan ya ɗaga wancan ya amsa, har ƙirjina yana ɗauka. Muka ga wata birinya mai farin zobe a ido rungume da ɗanta, shi kuma ruwan lemo shar, kamar ba ita ta haife shi ba. Can Guntu ya kwanta, jikinsa na rawa, hanci a miƙe. Muka tsaya cak. Wata macen aladen daji ta tsallaka hanya da 'ya'yanta masu zane a baya, ba ta ko dube mu ba. Daga baya wani ƙaton cilakowa ya wuce ta kanmu, kafin mu gan shi mun ji fikafikansa kamar ana shiƙa da babban faifai.

Kawu ba ya nuna dabba da yatsa, sai da leɓe, kuma ba ya magana sai ta tafi don kanta. In ta tafi sai ya sauke numfashi ya ce, "Tabarakallah. Wanda ya yi wannan bai gaji ba." Ni da na zo a matsayin direba, a ranar na ji ƙanƙantar kaina, na ji tsoron Allah irin wanda ban taɓa ji a wurin wa'azi ba. Na gaya masa haka, ya ce to in daina ƙorafin laka.

Shahunan kuwa suka yi ta kuɓuce masa. Shekarar farko mun je dutsen bakin teku, iska ta juya, ruwa ya wuni yana zuba, ko ɗaya bai ƙetaro ba. Shekara ta biyu lokacin ya same shi a gadon asibiti an yi masa aiki a ido. Aikin bai hana komai ba. Ganinsa ya yi ta tsukewa, ya ce kamar yana leƙe ta cikin kara, daga baya karan ma ya toshe. Kafin hunturu na uku ya ƙare, haske da duhu kawai yake bambancewa. Wata rana ya yi tuntuɓe a matakalar surau ya fasa goshi.

A nan aka yi rigimar da ban taɓa ganin irinta tsakaninsa da ɗansa ba. Anti ta aiko cewa shahuna sun fara wucewa. Kawu ya ce a shirya mota ranar Asabar. Mijina ya ce babu inda za a je.

"Haba Baba, me za ka gani? A matakalar masallaci ka faɗi, balle dutse. Ga mutane sai magana suke yi a kan karen nan, har a wurin aiki ana yi mini tambaya." Ya juya Turanci, kamar yadda yake yi in ransa ya ɓaci, ya yi ta jero abin da likita ya ce.

Kawu ya bari ya gama. "Ni na haife ka, yau kai ke riƙe da fasfo ɗina," ya ce. "To, na ji."

Bai sake tayar da maganar ba. Ya aika wa mai gareji kada a ƙara kawo karen. Ya koma kujerar baranda, ya juya fuska wajen haske, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Na yi masa faɗa irin na uwa, a karon farko bai ce ya tuba ba. Na ji haushin mijina, na kuma san tsoro ne ke cin sa, don na gan shi yana goge jinin goshin mahaifinsa ranar da ya faɗi.

Gwaggo ce ta raba gardamar, ita da ba ta taɓa taka dutse ba, ba ta kuma taɓa son karen ba. Ta kira ɗanta ɗaki, ta bar ƙofa a buɗe don in ji.

"Tun ina amarya nake zaman jiran mutumin nan ya dawo daga daji," ta ce. "Ban taɓa hana shi ba, don na san in na hana shi, wanda zai zauna mini a gida ba shi ba ne. Dubi abin da ka ajiye mini a baranda."

"Inna, in ya faɗi fa?"

"Sai ka ɗaga shi. Ai da kai za a je."

Ranar Asabar muka kama hanya, ni a sitiyari, mijina a gefena ya ɗaure fuska, Kawu da Anti a baya, Guntu a but. Hanyar hawa dutsen a miƙe take cikin itatuwa. Mijina ya kama hannun mahaifinsa, Kawu ya zame a hankali, ya ɗaura igiyar Guntu a wuyan hannunsa. Karen nan da ya saba tsere mana, ranar taku ɗai-ɗai ya yi. In ya zo kan saiwa ko rami sai ya tsaya har Kawu ya laluba da sanda. Mijina yana biye da su, hannuwa a buɗe, bai sami abin tarewa ba har muka kai sama.

A saman akwai tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ɗan fili, teku shimfiɗe a ƙasa. Muka zauna jira. Hantsi ya ɗaga, zafi ya sauko, sama wayam. Kawu ya yi sallar walaha ya ci gaba da jan carbi. Ni ina ta addu'a a zuci, domin na san ba shi da wani hunturun da zai jira. Rana ta kusa tsaka Anti ta ɗaga madubinta, ta daɗe, sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Ga su nan."

Da farko ɗige-ɗige na gani a kan ruwa kamar an watsa riɗi. Sai suka yi ta girma. Suna tafe ƙasa-ƙasa, a gajiye, baki a buɗe, suna ɗaga fikafikai da ƙyar, har na ji tsoron wasu za su faɗa teku a gabanmu. Da suka iso kan dutsen iska mai ɗumi ta tallafe su, suka daina kaɗa fiffike, suka shiga kewayawa, wani bisa wani, wasu na tashi sama wasu na isowa, har na rasa inda zan kalla. Da na tuna da Kawu sai na hau ba shi labari a rikice.

"Kawu, ga su nan a damanka, ga wasu a sama, ruwan ƙasa ne, akwai mai farin ciki, sun cika ko'ina."

Ya juya fuska dama, ya juya hagu. "Ina?" Anti ta ɗora masa madubinta a ido, ta daidaita masa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya sauke shi ya miƙa mata da hannu biyu.

"Fari kawai nake gani, Uwata."

Kuka ya ƙwace mini. Mijina ya juya mana baya yana kallon teku, kafaɗunsa na motsi. Mun kawo shi har inda ya roƙa, abin da ya roƙa yana yawo a kansa, amma mun makara.

Kawu ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Sun yi ƙasa sosai?"

"Sosai, Kawu."

"Rana fa, tana ina?"

"Tana tsaka."

"To, ku kwantar da ni."

Muka shimfiɗa masa sallaya. Ya kwanta rigingine, ya fuskanci rana, ya rufe ido. Guntu ya zo ya kwanta a jikin haƙarƙarinsa. Mijina ya buɗe baki zai yi maganar likita, na riƙe masa hannun riga. Muna tsaye a kansa sai na ga wata inuwa ta gifta fuskarsa da sauri. Leɓensa ya motsa.

"Subhanallah."

Babban yatsansa ya ture ƙwayar carbi ɗaya. Wata inuwar ta gifta, ya ture wata. Sai ga biyu a jere. Fuskar nan da ta yi makonni a ɗaure ta saki, hawaye na bin gefen idonsa yana shiga kunne.

"Ku daina tsayuwa a kaina kuna tare mini," ya ce. "Ku kwanta ku rufe ido."

Muka kwanta a ƙasa, malamin jami'a da farar rigarsa, Anti da madubinta a ƙirji, ni can gefe. Na rufe ido. Ja na gani, jan rana ta cikin fatar ido. Sai ya ɗauke, ya dawo, kamar ƙiftawa, da ɗan sanyi-sanyi a fuska. Shaho ne da ya ƙetaro teku ya bi tsakanina da rana. Wani ya sake bi. Ba na jin komai sai iska da numfashin kare da muryar Kawu yana tasbihi, wani lokaci a jere da sauri har yana haɗe kalmomi. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba.

Da inuwoyin suka fara yin nisa da juna, ya kira ni.

"Uwata, kin gan su?"

"Na gan su, Kawu."

"Ni ma na gan su. Alhamdu lillahi. Yanzu in duhun ya zo, zai same ni a ƙoshe."

Duhun ya zo kafin watan ya ƙare, ya zauna tare da shi har ranar da Allah ya karɓi ransa, kuma ko sau ɗaya ban ji ya yi ƙorafi ba. Ya Allah, bawanka ya yi maka tasbihi da inuwar tsuntsayenka a lokacin da ba shi da ido. Ka gafarta masa, ka haskaka masa kabarinsa.